Kwamfutar Ishaya Da Ta Ƙi Goguwa

Jama'a, abin da zan faɗa muku a kaina ya faru, ba ji na yi a majalisa ba, kuma na rantse da Allah ban ƙara masa gishiri ba. Lokacin ina da ɗan shagon gyaran kwamfuta a Kakuri, kusa da tsofaffin masaƙun nan da suka mutu, kullum daga Makera nake hawo keke in zo, a shekarun da ɗauke mutane ya yi ƙamari a hanyoyin kudancin jihar nan. Ni kuwa Allah ya yi ni da taurin kai a kan aiki, har abokai suna tsokanata wai gara in wuni da yunwa da in ce ƙarfen nasara ya gagare ni, kuma ba su yi mini ƙarya ba.

Wata safiya da damina wani dattijo ya shigo da tsohuwar laftof a cikin leda, irin masu nauyin bulon nan. Sunansa Baba Yakubu, tsohon ma'aikacin masaƙa ne, a Narayi yake zaune. Ya ce 'yarsa Rifkatu ta samu makaranta, an ce lallai sai da kwamfuta, yana so a yi mata fomatin, wato a share komai a loda mata sabuwar manhajar da take tashi da ita. Na kunna, ta tashi da nawa amma lafiya lau, sai ga hoton wani saurayi mai wushirya yana dariya, an rubuta Ishaya a ƙasa. Dattijon ya kau da kai ya ce ta ɗansa ce, in goge kawai. Na ce ya dawo da la'asar, don a wurina wannan aikin shan ruwa ne.

Na sa filashin da nake lodi da shi, komai ya tafi daidai har wurin da ake zaɓar a share had-disik, wato rumbun da take ajiye komai, ina dannawa sai allon ya koma shuɗi, ta mutu, ta sake tashi da kanta, ga Ishaya yana mini dariya. Na sake, haka. Na canza filashi, na canza kafar da nake sa shi, haka. Na kwance ta na zare siraran allunan nan na ciki da ake kira ram na goge su da kilinar fensir, na gwada su ɗaya bayan ɗaya, na busa ƙurar da ta toshe fanka don kada zafi ne yake kashe ta, na canza caja, har ɗan batirin nan na ciki mai kamar kwabo sai da na sake. Duk a banza, ana isa wurin sharewa sai ta cije kamar jaki ya ga gada.

To, duk mai sana'ar nan zai ce maka had-disik ɗin ne ya lalace, ni ma haka na ce. Na cire shi na jona a kwamfutata na auna, lafiyarsa ƙalau, komai yana buɗewa, amma ina cewa a share sai tawa kwamfutar ta yi shuɗi ita ma, wadda tun da na saye ta ba ta taɓa yi ba. Na ɗauko wani had-disik mai kyau na sa a laftof ɗin Ishaya, ta ƙi karɓar lodi. Na mai da mai kyan nan cikin wata laftof, ya yi aiki sumul. Wallahi a nan abin ya fara ba ni tsoro, domin in ka raba su kowanne ya ƙi, in ka haɗa su sai ta tashi da hoton yaron kamar ba abin da ya faru. Kwanaki ina ba Baba Yakubu haƙuri, ga kunya ga haushi.

Ana nan sai wata mata ta zo, dattijuwa ramammiya, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce ita ce maman Ishaya, ko na riga na goge? Na ce a'a Mama, ta ƙi. Sai ta nemi benci ta zauna, a nan na ji abin da mijinta bai faɗa mini ba. Ashe watanni da suka wuce an tare motar da Ishaya yake ciki a hanyar ƙauyensu aka shiga daji da su, an yi ta waya da farko, daga baya wayar ta ɗauke ɗif. Dangi sun haƙura, sun ce a yi masa addu'a a raba kayansa, ita kuwa ta ce a wurinsu ba a raba kayan mutum sai an binne shi, kuma ita ba ta ga gawa ba. A ɓoye mijin ya fito da laftof ɗin.

Na ba ta labarin yadda muke ta fama, ina tsammanin za ta tsorata, sai na ga fuskarta ta washe, hawaye na zuba. Ta ce in kunna mata, ta shafa hoton da yatsa ta ce, "Ka gani ko, ɗana? Yana nan da rai. Shi ne yake hana ka. Abeg ka bar masa kayansa." Tausayinta ya kama ni ƙwarai, na ce to Mama, amma a raina cewa nake wata 'yar waya ce ta tsinke a ciki ban gano ba.

Washegari Baba Yakubu ya zo, ya riga ya ji matarsa ta biyo sawu. Bai yi faɗa ba, cewa ya yi, "Malam, kai ba ka cikin gidan. Kullum da safe sai ta kunna abin nan ta yi ta hira da hoto, ba ta cin abinci. Na rasa ɗaya, kada in rasa biyu. Ka taimake ni ka goge." Kun ji inda na samu kaina, uwa ta ce bari, uba ya ce yi, kuma kowannensu da gaskiyarsa. Sai na ɗora laftof ɗin a kan kanta, in aiki ya yi sauƙi in jawo ta in gwada, ta yi shuɗi in mayar, har abin ya zame mini jiki, na ma daina sa rai.

Wata Juma'a na dawo daga masallaci, rana tsaka, ga wuta an kawo, ba kowa a shagon, na jawo ta kamar yadda na saba. Filashin nan dai ne, kafar nan dai ce, Allah shi ne shaidata ko ƙusa ɗaya ban taɓa ba. Na danna sharewa ina jiran shuɗi, sai kawai ta wuce. Ta share tas, ta yi lodi har ƙarshe ba gargada, fankar ma da take gurnani kullum ta yi shiru. Ni sarkin wauta har da tafa hannu, na kira Baba Yakubu ina murna na ce aiki ya yi. Ya ce to, an gode, Rifkatu za ta zo ta karɓa.

Bayan 'yan makonni ya dawo shagon, ya ƙara tsufa, ya zauna bai ko amsa gaisuwa sosai ba. Ya ce an sako wani mutumin ƙauyen da ke kusa da nasu daga daji, ya zo har Narayi ya same su. Mutumin ya ce duk watannin nan suna tare da Ishaya, da ransa, ciwon ƙafa ne ya ci ƙarfinsa, kullum yana cewa shi ba zai mutu a daji ba sai ya ga mamarsa. Ranar da ya cika kuwa Juma'a ce, rana ta ɗan gota, yana zaune yana magana sai ya yi shiru ya kwanta. Baba Yakubu ya ce sun lissafa baya shi da mutumin, sai ya ɗago ya dube ni ya ce, "Malam, wace Juma'a ce ka kira ni?" Ya san amsar, ni ma na sani.

Maman Ishaya sau ɗaya ta ƙara zuwa, cikin baƙaƙen kaya. Na tashi ina yi mata gaisuwa, ta ce, "Ban riƙe ka ba, ɗana, aikinka ka yi. Amma da ka bar shi ko kwana kaɗan." Ta juya ta tafi, ban sake ganinta ba.

Na san rai a hannun Allah yake, ba a hannun mai gyaran kwamfuta ba, malamai sun faɗa mini, ni ma ina faɗa wa kaina. Amma har yau ban san wanne ya riga wani ba, mutuwarsa ce ta sa kwamfutar ta yarda, ko dannawata ce ta zo daidai da ƙarewar ƙarfinsa. Shawarata gare ku, musamman 'yan'uwana masu gyara, in aka kawo muku kayan wanda ya ɓata ba a ga gawarsa ba, ku mayar wa masu shi yadda suka kawo, kuma in uwa ta ce a bari, to a bari. Ni dai tun daga ranar ban ƙara kunna kwamfutar kowa ba bayan sallar Juma'a.