Jar Ƙofar Kasuwar Fure

A jami'a a Kano, inda na karanta tarihi, wani malaminmu ya taɓa cinye mana zango guda a kan bukukuwan sarakunan Italiya na ƙarnukan baya. Idan ɗan sarki zai yi aure, sai a kafa ƙofofi a kan hanyar amarya, na katako da ƙyalle, a shafe su da fenti har ka rantse dutse ne. A kirawo masana da suka yi furfura a kan littattafai, su tsara baitoci da Latin a rubuta a goshin kowace ƙofa. Biki na watsewa sai a ɓaɓɓalle komai. 'Yan ajinmu gyangyaɗi suke yi, ni kuwa abin ya shiga raina har na rubuta kundin kammala karatuna a kai. Yayana, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, da ya ji sai ya riƙe haɓa.

"Wato duk wahalar nan, karatun rumfar biki ka yi?"

Tun daga ranar yake ce mini malamin rumfa.

Karatun rumfa bai ba ni aiki ba. Na ƙare a Xiaobei, wata unguwa a ƙasar Sinawa, ina yi wa 'yan kasuwarmu tafinta da haɗa kaya, shekaru suka ja ban leƙa gida ba. Abin da na fi tsana a nan shi ne sabuwar shekarar Sinawa. Shaguna a rufe, Kanawa da mutanen Maraɗi duk sun gudu gida, ko mai shayin da muke musu da shi babu. Sai in yini ban furta kalmar Hausa ba in ba a salla ba, ita ma ai ba Hausa ba ce.

A irin wannan yawon kaɗaici na ci karo da ita, a bakin titin da ake kasuwar fure ta shekara. Ƙofa ce ja, doguwa, da fitilu, da baitoci a rubuce daga sama har ƙasa a ginshiƙanta biyu. Na ƙwanƙwasa ginshiƙi, ya amsa kamar akwatin da ba komai a ciki. Na ƙyalƙyale da dariya ni kaɗai. Ga abin da na karanta a tsaye a gabana, babu wanda zan gaya wa. Wata tsohuwa ta ɗauke ni hoto, na tura wa Yaya. Ya amsa da cewa, "Masha Allah, garinku akwai gini."

Bayan wasu makonni, da masana'antu suka buɗe, sai ga saƙon muryarsa da safe.

"Malamin rumfa, ina ƙasarku! Maigida na rako sayen jakunkuna a Shiling, ban gaya maka ba don in ga idonka. Yau za mu koma. Mu haɗu bayan Azahar a jar ƙofar nan da ka yi hoto, daga nan sai filin jirgi. Wayar ba ta aiki sai a masauki, ga shi mun fita."

An kwashe ƙofar tun washegarin bikin. Amma Yaya Bakano ne, a wurinsa ƙofa ba ta tafiya ko'ina. Ko ginin ya zube, sunan na nan, ka ce wa mai adaidaita Ƙofar Na'isa ya kai ka. Na kira, na rubuta, na sake kira. Saƙon ya tsaya a wayata bai tafi ba. Sunan masaukin ma ban sani ba, Shiling kuwa ba ƙauye ba ce.

Na je na tsaya daidai inda ƙofar take a da. Motoci kawai ke wucewa. Duk baƙin mutum da na hango sai na ɗaga hannu. Na nuna wa wani mai shara hoton, ko zai tuna wani ya zo da irinsa, ya girgiza kai ya ce, "Meyo," babu ke nan. Na yi La'asar a gefen wani shago, ina sallama ina waige. Tsoro nake ji in matsa ko'ina, kada ya zo a bayana.

Sai da rana ta faɗi wayata ta yi ƙara. Saƙon Yaya ne daga filin jirgin Baiyun. Hoto ne, Yaya tsaye a gaban wata tsohuwar ƙofar dutse, inda direban tasi ya ga dama ya sauke shi. Ya rame, gemunsa ya yi fari, ban san ya yi fari ba. A hannunsa akwai leda.

"Na zo, ba ka zo ba. Na ce ko fenti suka sake mata. Ba komai, na san aiki ne ya riƙe ka. Kilishin da Inna ta ba ni na bar wa mai gadin wurin, na nuna masa hotonka. Ka je ka karɓa kada ya lalace."

Ƙofofin dutse ba su ƙirguwa a garin nan. Na bi wasu, ina nuna wa masu gadi fuskar Yaya, har na gaji.

Bana ma an sake kafa jar ƙofar, ta fi ta bara kyau. Wani yaro da budurwarsa suka ce in ba su waya su ɗauke ni. Na ce musu a'a, na gode.