Dasashin Karenmu

Jiya ina cire wa akuya kaska, sai Baffa ya faɗo mini a rai.

Shekarar da Baturen allurar shanu ya sauka Makarfi, karen da ke tsare mana awaki daga kura ya kwanta, ko haushi ba ya yi, kuma babu rauni a jikinsa. Na kai wa Baffa shi a Dandamisa. Ya tsuguna ya ɗaga leɓen karen da yatsa. Dasashin fari fat kamar auduga.

Na ce, "Baffa, yawun kare fa! Ga azahar ta gabato."

Ya ce, "Kai da waswasi! Rijiya ta ƙafe ne? Farin dasashin nan rashin jini ne. Jinin da ya zuba yakan dawo da kansa. Wannan ciwon kaska ne ya hana jikinsa yin sabo."

Ya tsince kaskar tas, ya ce in riƙa ba shi hanta, in duba bakinsa duk Juma'a. Sau bakwai nake wanke hannu, amma ina dubawa. Juma'a ta huɗu na ga ja-ja ya ɓullo a dasashin.

Ya Allah, yadda Baffa ya tausaya wa abin da ba ya magana, Ka tausaya masa a kabarinsa.