Kawu Iro da Giɓin Ganuwa

Ina ɗaukar fasinja a Ƙofar Doka ranar Talata da hantsi wayata ta yi ƙara. Ƙanwata Hadiza ce. Ta ce, "Yaya, Kawu Iro ya cika." Na yi salati, na ba mutanen da ke cikin keken haƙuri suka sauka, na kama hanyar gida.

Da aka ɗauko shi bayan azahar, masu makara suka nufi giɓin da ke bayan gidansa, inda ganuwa ta zube tun muna yara, mutane suka mai da wurin hanya. Daga nan zuwa maƙabarta ba nisa. Sai Liman ya ɗaga hannu ya ce, "Jama'a, ku tsaya! Kun manta wanda kuka ɗauko?" Aka juya. Muka zagaya har Ƙofar Doka cikin rana, kowa na zufa, wasu na share hawaye suna danne dariya.

Duk wanda ya san Kawu, yayan mahaifiyarmu, tsohon magini, ya san bai taɓa shiga birni ko fita ta giɓi ba. Ko barkono zai sayo a waje sai ya zagaya ta ƙofa, ya yi sallama kamar mai shiga zauren surukai. In ka nuna masa gajeriyar hanya, amsarsa ɗaya ce: "Ni ba akuya ba ne!" Abin da ke cin ransa kuwa shi ne ragowar ganuwar bayan gidan nan, wadda kowace damina take ƙara gajarta.

Shekarar da na fara tuƙin keke na kai shi asibiti a Wusasa a duba masa ido. A hanyar dawowa na ga yana gyangyaɗi, ga hadari ya taso, na ce bari in kutsa ta giɓi. Muna shiga na ji duka a bayana.

"Direba, tsaya!"

"Kawu, ai mun riga mun shigo."

"Kai ka shigo. Ni sato ni aka yi."

Ya sauko, ya gyara hula, ya koma ta giɓin da baya da baya, wai yana mayar da shigar. Ni kuma na zagaya ina binsa a hankali da keke babu kowa ciki, shi yana tafe a ƙasa, har ƙofa. Ruwa ya yi mana dukan tsiya. Da muka iso gida ya dube ni ya ce, "Ka ga abin da ka jawo mana?"

Sai maganar maƙwabcinsa, Alhaji Mudi. Alhaji ya yi wa ɗansa sabon ɗaki, ya ce ƙasar daga kududdufi aka kwaso. Kawu ya je ganin gini, ya ɓantari ɗan guntu ya sa a baki. Ya tofar ya ce, "Wannan ƙasar ta girmi kakanka." Bai yi faɗa ba, bai kai ƙara wurin mai unguwa ba. Kullum da safe dai sai ya zo ya tsaya gaban bangon ya durƙusa.

"Ranki ya daɗe, an tashi lafiya? Ya baƙunta? Suna kula da ke?"

Yara suka fara taruwa kallo. Masu wucewa suna tambayar wa ake gaisarwa, Kawu yana yi musu bayani dalla-dalla. Kwana tara Alhaji ya daure. A na goma ya fito ko hula babu.

"Malam Iro, don girman Allah me kake so?"

"Ni? Ba komai. Ita ce dai take kewar gida."

Ba a rushe ɗakin ba, amma Alhaji ya sa an kawo jar ƙasa tifa guda an juye a gindin ganuwa. Kawu ya ɗanɗana, ya ce ba ta kai waccan ba, amma za ta koya.

Wata rana wani malamin jami'a ya zo daga Samaru da ɗalibansa, aka ce musu in tarihin ganuwa suke nema su je wurin Kawu. Ranar ya sha babbar riga. Ya nuna musu yadda gindin ganuwar ke da faɗi samanta ya tsuke, don ta ɗauki nauyin kanta. Ya nuna musu kwarin da ke waje, ya ce nan aka haƙi ƙasar, ramin kuma ya zama tarko ga dokin maƙiyi. Ya tono tsohon tubali mai kamar ƙwai, ya ce tsininsa sama yake kallo don na bisa ya zauna tsakanin biyu.

Malamin ya ce, "Baba, a littafi an ce ganuwa alama ce ta ƙarfin mulki."

Kawu ya ce, "Mulkin ne ya ɗauki kwando? Kowace unguwa da yankinta, Malam, kowane ƙauye da nasa. In ruwa ya ɗauke kowa ya fito ya liƙe inda aka ba shi. Kakana ya nuna mini namu, daga tsamiyar can zuwa wannan lanƙwasar. Har yau kuma ba wanda ya zo ya ce an sallame mu."

Malamin ya rubuta. Ɗalibai suka nemi hawa sama su ɗauki hoto da dutsen Kufena a bayansu. Kawu ya ce su hau, amma kowa ya cire takalmi. Har malamin, da safarsa mai huda.

Bana da rani ya ce zai toshe giɓin da ƙasar Alhaji Mudi. Ya kwaɓa ta da ciyawa, ya bar ta ta ruɓa, ya jera tubali a rana. Sai ga Gwaggo Dije mai waina da matan unguwa a bayanta, don ta nan suke bi zuwa injin niƙa.

"Iro, ka toshe, ni kuma in zagaya da roba a ka? Da wannan gwiwar?"

"Kakarki ta zagaya."

"Kakata ba ta da ciwon gwiwa, kuma ba ta da maƙwabci irinka! In kai magini ne da gaske, ka yi mana ƙofa mana."

Kawu ya juya ya dubi giɓin. Ban taɓa ganin an rufe masa baki ba sai ranar. Can ya ce, "Shekara saba'in ina zaune kusa da ke, yau kika yi magana."

Ya tayar da bango biyu, dama da hagu, sun fi tsayin mutum. Ya samo azara huɗu na giginya da zai gitta a sama. Ya ce sai an ɗora su wurin zai zama ƙofa, ranar kuma shi zai fara shiga. Ranar Alhamis ɗin da ta gabaci rasuwarsa ya kira ni.

"Direba, ka zo jibi ka kama mini azara."

Na ce Asabar akwai bukukuwa, ranar aiki ce, ya bari sai ta sama. Ya ce, "To. Allah Ya kai mu." Bai ƙara komai ba, shi da ba ya barin magana ta faɗi ƙasa.

Allah Ya jiƙanka, Kawu. Allah Ya yalwata makwancinka, Ya yafe maka, Ya yafe mana abin da muka yi maka.

Jiya ni da Gwaggo Dije muka lulluɓe bangon biyu da tamfol, don hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Ban iya kwaɓin ƙasa ba, ban taɓa tambayarsa ba. Azarar na nan jingine a zaure, ba a ɗora ba.