Malamar da Ta Ƙi Yarda da Sifirin 'Yar Tela

Kafin a buga ƙararrawa Malama Sannu-Sannu ta riga ta shiga aji uku, ta buɗe tagogi, ta tsince guntayen alli ta zuba a gwangwani. Yara ne suka laƙaba mata sunan, don ba ta duba littafin yaro a tsaye. Sai ta zauna, ta gyara tabarau, ta bi layi da yatsa. Shekara talatin da ɗaya tana haka, ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Matar tela, uwar wata ɗalibarta, ba ta yarda da ita ba da farko. Ba ta ma yarda da kowa a makarantar ba. Wata huɗu da rasuwar mijinta aka kawo sabuwar jarrabawa: kowace tambaya da gurbi huɗu, yaro ya cike ɗaya da fensir, na'ura ta duba. Autarta ta ci sifiri. Yarinyar da tun tana shekara biyar take karanta wa ubanta lambobin tef ɗin awo!

Hedimasta ya ce, "Na'ura ba ta ƙarya, Maman Auta. In ta sake faɗuwa ranar Litinin ta sama, sai ki nema mata wani wuri. Tana ja mana maki ƙasa."

"Na'urar ta san Auta ne?"

"Ba ta san kowa ba. Amfaninta ke nan."

Sai ga Malama ta fara tsare Auta bayan an tashi. Matar tela ta ce a ranta, ruwa ba ya tsami banza. Ko shara ake sa marainiya, ko hujjar korarta ake haɗawa. Rana ta uku ta je ta laɓe bayan taga.

"Shigo mana, Maman Auta, inuwarki ta riga ki shigowa."

Ta shiga fuska a ɗaure. "Me kike yi da 'yata?"

"Ita ke koya mini. Tambaya arba'in, ko da ido a rufe aka yi canke sai an dace da biyar. Sifiri kam sai wanda ya san abin da yake yi. Shi ya sa na yi ta naci a ofis har suka ba ni takardar. Auta, gaya wa Umma."

Yarinya ta sunkuyar da kai. "Baba ya ce inda za a yanke a yar ake shafa wa alli. Mai kyau ba a ɓata shi."

Ashe amsoshi ukun da ba daidai ba take cikewa, ta bar ta gaskiyar fes. Malama ta bi gurabun da aka bari da yatsa, ɗaya bayan ɗaya. Talatin da shida daidai ne.

Matar tela ta zauna a bencin yara ta yi kukan da ta daɗe tana haɗiyewa. Malama ta janye takardar kada ta jiƙe.

Hedimasta ya ce abin da na'ura ta rubuta ba ya goguwa. Auta kuma ta kafe, ita ba za ta saɓa wa Baba ba. Kwana biyu ana fama, sai Malama ta zo da maɓalli a tafin hannu.

"Babanki a ina yake ɗinka wannan?"

"A inda ya dace."

"To, baƙin fensirin nan maɓalli ne. Sa shi inda ya dace."

Ranar Litinin Auta ta ci. Shekara biyu ke nan, tana nan a makarantar, yanzu aji biyar.

Malama, ke ce mai bin layi da yatsa a zamanin da kowa ke sauri. Ke ce kika tambayi yarinya dalili kafin ki yanke mata hukunci. Ki yafe zargin bayan taga. Mun gode, Allah ya saka, ya ba ki hutu mai daɗi.

Har yau matar tela ba ta yarda da na'urar nan ba. Yara nawa ta ba sifiri, aka sallame su ba wanda ya buɗe takardarsu? Ku da za ku gaji kujerar Malama, in kun ga sifiri ku zauna tukuna, ku kira yaron ku ji ta bakinsa.

Takardar Auta tana cikin aljihun keken ɗinkin ubanta, tare da guntun allinsa. Sifirin na nan a samanta. A ƙasa kuwa, da jan biro, Malama ta rubuta talatin da shida.