Goggo Anya da Keken Tsohon Tela

Kafin masu shaguna su ɗaga ƙofofinsu, ita ta riga ta iso. Ba ta sa makulli nan take. Sai ta kama kwaɗon ta jijjiga, ta leƙa ƙasan ƙofa, ta zagaya bayan ginin ta duba tagogi, kamar wadda aka yi wa kashedi a mafarki. Bayan nan ne take buɗe gidan tarihin garin, wanda bai wuce babban ɗaki guda da ɗan ɗakin ajiya ba, a tsohon ginin gidan waya. Ta share, ta goge gilasai, ta bi kayan da ido ɗaya bayan ɗaya: sikelin tsohuwar kasuwa, ƙararrawar makarantar farko, hotunan ambaliyar da ta cinye gada. Haka take tun gashinta na baƙi, ga shi a ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Goggo Anya ake ce mata, kuma ba a yi mata sharri ba. Ka kawo fitila ka ce ta kakanka ce, ta ce, "Anya?" Ka ce mata an yi ruwa, sai ta leƙa ta ga danshi tukuna. Yaran makaranta da ke zuwa ranar Asabar su saurari tsofaffi suna ba da labarin da, ba ta cajensu, amma kowa ya san idonta na kan aljihunsa. Ba mai fara'a ba ce, kada in yi ƙarya don ina jinjina mata. Ai shi ya sa da zargi ya faɗo kanta, ba wanda ya sha wahalar yarda.

Abin ya faro ne shekarar da kwamitin gidan ya shirya nunin sana'o'in iyaye. Aka ce kowane gida ya kawo abin aikin tsohonsa, a jera, jikoki su zo su gani. Aka kawo zarto, aka kawo guduma, aka kawo almakashin aski. Sai ga direban motar kaya ya tsaya a bakin ƙofa da keken ɗinki. Keken mahaifinsa ne, tsohon telan da ya ɗinka wa rabin garin kayan makaranta. Shugaban kwamiti, wato mai kantin magani, har tafi ya yi. Ya ce wannan a tsakiyar ɗaki za a kafa shi.

Goggo ta duƙa tana kallon keken. Akwai zare a allura. Akwai hannun riga a ƙarƙashinta, an ɗinka rabi an bar rabi.

Ta ɗago ta ce, "Ɗana, Baba ne ya ce ka kawo?"

"Shi ne, Goggo. Da bakinsa."

"Anya? Mutum ya yi sallama da kekensa, ya bar hannun rigar mutane a ciki?"

Direba ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce tsufa ne, mantuwa ce. Ya shige mota yana cewa ana jiransa a tasha. Ita ko ta sa aka tura keken ɗakin ajiya, ta rufa masa zane, ta danna kwaɗo. Ƙa'idarta ce tun ranar da ta kama aiki: ba ta kafa kayan mai rai sai ta ji daga bakin mai shi. Ta sha ganin ɗa ya kwaso kayan gida, 'yan'uwa su biyo sawu da rigima.

Ta je gidan tela. Matar direba ta tare ta a ƙofa, ta ce Baba na barci. Ta koma wata rana, aka ce yanzun nan ya sha magani. Goggo ta ce a ranta, wannan barci na Baba da ni kaɗai yake jira, biri ya yi kama da mutum.

Kafin ta gano bakin zaren, gari ya riga ya gano nasa. Wani ya ce ya ga dillalin tsofaffin kaya a ƙofar gidan tarihi. Gaskiya ne ya zo, kuma korarsa ta yi, amma wannan rabin labarin bai yi daɗin faɗi ba. Kan a jima an ce ta sayar da keken. Mai kantin magani ya zo fuska a murtuke, ta buɗe ɗakin ajiya ta ɗaga zane, ya gani da idonsa. Kuna tsammanin bakin mutane ya mutu? Ina! Sai aka ce ai ciniki ne bai faɗa ba, mai saye take jira. Matan da ke zuwa ajin yamma da ake yi a gidan suka fara riƙe jakunkunansu a cinya. Mai zarto ya aiko a ba shi zartonsa.

Ana cikin haka ta yi kiciɓis da 'yar tela a hanyar asibiti, inda take aikin jinya. Goggo ta sha gabanta, ta tambaye ta zancen keken. Sai matar ta fara hawaye.

"Goggo, ki rufa mana asiri. Idon Baba ya tafi, sai dishi-dishi. Allura ta huda masa yatsa har ƙashi, bai bar ɗinki ba. Shi ne Yaya ya ɗauke keken, muka ce masa yana wurin mai gyara. Kullum sai ya tambaya ko an gama. In ya ji mun kai shi gidan tarihi yana raye, wallahi zuciyarsa ba za ta ɗauka ba."

"To ni fa, 'yata? Kin ji abin da ake faɗa a kaina?"

"Na ji. Ki yi mana haƙuri."

Goggo ta koma gida ranta a jagule. Ta ji haushin 'ya'yan telan nan, ta kuma ji tausayinsu. Magana ɗaya za ta yi a gaban kwamiti ta wanke kanta tas, amma maganar ba za ta kwana ba sai ta isa kunnen tsoho. In kuma ta kafa keken, gari duka zai zo kallo, ya ji a bakin maƙwabta. Abin da ya rage mata shi ne ta yi gum, sunan da ta daɗe tana tattali ya ci gaba da shan ƙasa.

Ranar zaman kwamiti mai kantin magani ya ce, "Goggo, don Allah ki ba mu dalili ko guda."

Ta ce, "Ban ji daga bakin mai shi ba."

"Ɗansa na cikinsa ya kawo!"

"Ɗansa ne, ba shi ba ne."

Suka karɓe makullin babbar ƙofa, suka ce ta zauna a gida har a bincika. Na ɗakin ajiya kam ta ƙulle shi a bakin zanenta, ta ce sai dai a fasa. Aka buɗe nuni teburin tsakiya fayau, kowa ya shigo sai ya dubi wurin ya taɓe baki.

Goggo, ke ce kika bi ta kasuwa a waɗancan kwanakin ana yin shiru in kin iso, ana ɗorawa in kin wuce. Ke ce ƙanwarki ta zo har ɗaki ta ce, "Yaya, in kin yi, ki faɗa min, ni ba bare ba ce." Wannan ta fi miki ciwo, an ga kin rame. Mai zargin kowa, kika sha zargin kowa, ba ki buɗe baki ba.

Abin da ake gudu kuwa bai fasa zuwa ba. Wani maƙwabci mai son a sani ya je gaida tela, ya jajanta masa cewa matar gidan tarihi ta sayar da kekensa. Da safe sai ga tsoho da sanda, 'yarsa na riƙe da hannunsa, direba na biye kai a ƙasa, jama'a na biye da su. Aka aika aka kira Goggo.

"Ina ɓarauniyar?" in ji tsoho, yana duban inda ba ta tsaya ba.

"Ga ni, Baba. Sannu da zuwa."

Ta buɗe ɗakin ajiya, ta kama hannunsa ta ɗora a kan keken. Bai yarda da ita ba ko kaɗan. Ya shafa kan keken, ya shafa bel, ya lalubi feda da ƙafa, ya jawo aljihun teburin ya ƙirga kayan ciki da yatsu, yana neman abin da aka sace. Da hannunsa ya kai kan hannun rigar, sai ya tsaya cak.

"Wa ya kawo miki?"

Goggo ba ta ko dubi direba ba. Ta ce, "Ajiya aka kawo min, Baba, ajiya na yi. Ban kafa ba, don ban ji daga bakinka ba. Naka ne. Ka ce a mayar, yanzu a mayar."

Tsoho makaho ne, ba wawa ba. Ya juya wajen da ɗansa ke numfashi.

"Kai, babban banza. Wannan matar ban haife ta ba, amma ta jira ta ji daga bakina. Ku da na haifa kun gama da ni kun kai ajiya."

Direba, ƙato da shi, ya durƙusa yana kuka. Tsoho ya ce masa ya tashi ya kawo mota, keke gida zai koma. Amma kafin a ɗaga, ya lalubi ɗan sukurun da ke riƙe da allura, ya murza a hankali, ya zare ta. Ya miƙa wa Goggo.

"Ungo. Wannan ki kafa. Ita ce ta gama aiki, ba ni ba."

Goggo ta riƙe allurar, idonta ya kawo ruwa, amma hali zanen dutse. Ta ce, "Da yardarka, Baba? Ka faɗa da ƙarfi mutane su ji."

"Da yardata, jarababbiya!"

Har yau tsoho na nan. 'Yarsa ta ce kowace safiya sai ya zauna ya taka kekensa babu allura, yana sauraren ƙararsa, ba wanda ke hana shi. Kwamiti ya mayar wa Goggo makullinta, ba tare da an ce mata yi haƙuri ba. Allura na kan teburin tsakiya cikin gilashi, kuma kada ku ce zargi ya ƙare: har gobe akwai mai leƙawa ya ce, "To, ina sauran keken?"

Goggo, mun gode. Mun gode da wannan ido naki da bai yarda da kowa ba, wanda ya tsare mana abin da ya fi sikeli da ƙararrawa. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya sa wanda zai karɓi makullin nan ya gaji taurin kanki. Mu kuma da ke da tsofaffi a gida, masu ƙaunarsu har mu yanke musu hukunci a bayan idonsu, mu ɗauki darasi. Kafin ka ɗauke wa tsoho abin aikinsa, shiga ɗaki ka zauna ka tambaye shi, yana nan, yana ji.