Ranar da Gurmina Ya Karɓi Amshi

Ikara

Ƙarfe biyar da rabi na asuba muka bar Ikara a bayan akori-kura, ni da gurmina da 'yan amshina biyu, Ilu da Tanimu. Sarkin Noman Taba ne ya gayyace mu kalankuwa, bikin gama girbi. Naira bibbiyu direba ya karɓa. Na ce, "Haba Direba, bara sule biyar ne!"

"Bara da fetur, Maigurmi. Hau ko ka sauka."

Makarfi

Bakwai saura kwata muka tarar da shingen soja. Ashe Asabar ɗin tsabtar gari ce, duk mun sha'afa. Wani dogon soja ya zaro mu kamar ɓarayin akuya. Tanimu mai furfura aka sa tsallen kwaɗo a gaban mata. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Na ce, "Ranka ya daɗe, jama'a na jiranmu. Mawaƙi ba ya waƙa ba amshi."

"To ka amsa wa kanka!"

Ya miƙa wa Ilu da Tanimu shebur su yashe kwata har la'asar. Ni ya kore ni, wai gurmin zai hana su aiki.

Kudan zuwa Taba

Sha ɗaya na sauka Kudan, na ci waina ta sule biyu ban ji ɗanɗanonta ba, na taka zuwa Taba. Fili ya cika. Sarkin Noma ya leƙa bayana.

"Ina mutanenka? Ɗana, kada ka kunyata ni gaban baƙi."

Na fara baiti. Da na zo inda su Ilu ke karɓa, sai shiru. Wani ya yi dariya. Haushi ya ɗebe ni na fizgi tsirkiya, na kaɗa amshin da yatsa, da ƙarfi, kamar ina marin sojan nan. Na sake baiti, gurmi ya sake karɓa. Ba a ƙara dariya ba. Wata tsohuwa ta ce, "Kai, abin nan magana yake!"

Gida

Lahadi da azahar na iso Ikara. Labari ya riga ni. Daga ranar duk mai gayyata sai ya ce, "Kai kaɗai, da gurmin." Na yi gardama, na gaji, na koma fita ba su Ilu.

Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa mutanen Taba. Sojan nan kuwa ban yafe masa ba. Tanimu ya rasu yana gaishe ni daga nesa, kuma amshin da ake yaba wa gurmina, shi ya tsara shi.