Zakarun da Suka Tsira a Sabuwa

Mun tashi da asuba, amma tashin bai wuce tashar Kankara ba. Duk wanda ya san hanyar Sheme a 'yan shekarun nan ya san ba mai taka ta sai rana ta fito sosai, motoci sun taru sun bi bayan juna. Don haka ni da aminina, wani tsohon mai gyaran keke da ba ya ƙin tafiya in dai ba shi zai biya mota ba, muka zauna muna shan koko da ƙosai, ga zakaru biyu a kwando tsakanin ƙafafuna.

Bari in faɗi abin da ya fitar da ni. Mai ɗakina tana da kaji, manya da 'yan tsaki sun kai talatin. Da su take sayen sabulu, da su take gudunmawar biki, da su take zuwa asibiti ba tare da ta jira ni ba. To, matar da ke sayen ƙwai da kaji wurinta, mai abinci a bakin tasha, ta aiko cewa ana ta maganar za a tsananta dokar tsaftar abinci, duk mai dafawa ya sayar sai ya nuna inda ya samo namansa da ƙwansa, har da takarda. Ita dai ta ce za ta koma saye wurin masu gidan gona. Kwana uku mai ɗakina ba ta ci abincin kirki ba. Daga ƙarshe ta ce gara ta sayar da su duka kafin a zo a kwashe. Na ce ta dakata, ƙanenta malamin dabbobi ne a Sabuwa, a tambaye shi. Ta ce maganar kajinta ba ta waya ba ce, in tafi da ƙafata, in kai mashi tsarabar zakaru.

Ni karatuna aji uku ne, ranar da aka fara lissafin rabawa na bar wa masu rabo. Amma a unguwarmu likitan kaji ake ce mani, kuma ban taɓa musantawa ba. Aikina sauƙi gare shi: in sayo kafso ja da rawaya a kemis, in fasa a kaskon ruwansu, in ƙara barkono da ɓawon maɗaci. In kaza ta tashi, aikina ne. In ta mutu, kwananta ne ya ƙare. Zakarun nan kuwa, don kada hanya ta kayar da su in ji kunya, kwana uku ina ɗura masu kafso a baki.

Kuɗin mota ya kusa ninka na bara, kuma ba wanda ya yi gardama, kowa ya gaji. Mun wuce Mabai ana ta karyar masara. Daga nan har wajen Ruwan Godiya gefen kwalta shanya ce, masara nan, barkono can, awaki na bi ta ciki, hayaƙin mota na sauka a kai. Tun ina yaro nake cin tuwon irin wannan shanya, ban taɓa kallonta da idon mai doka ba sai ran nan. Na ce a raina, in aka hana wannan, ina manomi zai shanya? Tabarmar leda ma sai mai hali. Can nesa da titi kuma ga gonaki sun zama ciyawa, masu su ba su iya shiga saboda 'yan bindiga. Haka muka yi ta wuce su har shingen jami'an tsaro.

A Faskari muka yada zango wurin ɗan yayan aminina, mai gidan kajin turawa ɗari huɗu. Abu na farko, ya ce zakaruna ba za su shiga gidansa ba, aka bar su ƙarƙashin iccen bedi a waje kamar masu laifi. Abu na biyu, a ƙofar ɗakin kajin akwai faranti cike da ruwa. Ni kuwa da ladabina na tsallake shi, kada in ɓata wa mutane ruwa. Ya ce, "Baba, dawo ka taka, don takalminka aka ajiye shi, ruwan magani ne." Na dawo na taka da ƙafa biyu, aminina yana dariya har da tari.

Na ɗauka mai gidan kajin nan shi ne mai murna da doka, tunda irinsu za su gaje cinikin mai ɗakina. Ya ce rabinta yake so. Yana so a hana masu kawo kaza mai ciwo kasuwa, don daga can ciwon ke biyo takalma zuwa gidansa. Amma in aka ce sai rajista mai tsada, da ɗakin sanyi, da motar kai ƙwai ta musamman, shi ma rufewa zai yi, manyan birni su kawo wa Faskari ƙwai. Ashe yadda muke tsoronsa haka yake tsoron na sama da shi. Ya ba mu waina da miyar taushe, muka kama hanya.

A motar Sabuwa na zauna kusa da wata dattijiya manomiya, Kirista ce daga wani ƙauye, da rabin buhun wake a gabanta. Ta buɗe ta nuna mani, wasu ƙwayoyin da huda. Da toka da barkono take ajiye nata, kamar yadda uwarta ta yi. Maƙwabcinta kuwa maganin feshin gona yake zubawa cikin buhu, nasa sumul, shi ake rububi a kasuwa. Ta ce, "Malam, nawa mai huda ne amma bai taɓa kwantar da kowa ba. In dokar za ta duba cikin buhu, ta zo gobe. In takarda za ta duba, shi zai samu kafin ni." Na miƙa mata rake.

Mun shiga Sabuwa bayan azahar. Gari ne mai ni'ima, ko'ina kore, rake da masara kamar a ce ɗebi kyauta. Ƙanen mai ɗakina ya tarbe mu da tsokanar da ya saba: "Yaya, har yanzu yayata ba ta gaji da kai ba?" Na ce da ta gaji da ba ta aiko ni da zakaru ba. Nan take ya ce a yanka ɗaya don baƙi. Aka kawo wuƙa yana wasawa a kan dutse, maiɗakinsa ta ɗora ruwan figa, aminina ya gyara zama ya tura hula baya.

Da na yi shiru, da mun ci nama. Amma bakina bai taɓa barina lafiya ba. Na ce, "Ka duba ƙirjinsu da kyau, waɗannan ba irin kajin Sabuwa ba ne. Kwana uku ina ɗura masu kafso."

Wuƙar ta tsaya. Ya ce, "Wane kafso, Yaya?"

"Ja da rawaya mana. Na mutane, mai ƙarfin."

"Yau ma ka ba su?"

"Bibbiyu, da asuba."

Ya juya ya ce wa maiɗakinsa ta sauke ruwan nan. Tuwon masara muka ci da miyar kuka, daga daddawa sai gishiri. Aminina bai sake yi mani magana ba sai bayan la'asar, kuma abin da ya ce ba na rubutawa ba ne.

A kan tuwon nan aka yi mani karatun da na gudu na bari. Ƙanen mai ɗakina ya ce maganin ba ya fita jikin kaza ranar da aka ba ta, yana zama cikin nama da ƙwai na kwanaki. Wanda ya ci yana shan magani kaɗan-kaɗan bai sani ba, har cuta ta saba da shi, ranar da ya kwanta da gaske a ba shi a asibiti ya ƙi aiki. Ya ce ciwon da ke share kaji gida-gida ma kafso ba ya taɓa shi, rigakafi ne maganinsa, ɗigo a ido. Ya kuma faɗi abin da duk mun sani ba mu faɗa: da kaza ta fara gyangyaɗi, sai a ruga da ita kasuwa kafin ta mutu. Ni kaina na sha rakiyar irin wannan kwando.

Sai na tuna ƙwan gidanmu ba 'yan tasha kaɗai ke ci ba. Shi ake nema wa maijego, shi ake dafa wa wanda ya tashi daga ciwo, don an ce na gida ya fi lafiya. Shekara ashirin ina fasa kafso a kaskon nan ana yi mani godiya.

Sai na tambaye shi abin da aka aiko ni. Ya ce shi dai bai ga wata takarda da ta ce a shiga gida a kwashe kajin mata ba, amma ba zai yi mani rantsuwa kan gobe ba. In waɗanda ba su taɓa leƙa akurki ba suka rubuta dokar, za su nemi kowace mai kaza goma ta yi abin da mai dubu goma ke yi, kuma mai goma ce za ta fita. Shi kansa da babur ɗaya yake zagaya ƙauyuka, wasu ma ba su shiguwa, to wa zai duba ya sa hannu? Abin da ya ga yana aiki shi ne matan unguwa su haɗu, kwalbar rigakafi ɗaya ta ishe su duka, in an nemi takarda a nema da sunan ƙungiya. Sannan maiɗakinsa ta nuna mani nata tsarin, wanda ba ya buƙatar karatu. Duk kazar da aka ba magani, jan ƙyalle a ƙafa. Ba a yanka ta, ba a sayar da ita, ba a cin ƙwanta, sai kwanakin da malamin dabbobi ya faɗa sun cika. A gabana ta ɗaura wa zakaruna, suka shiga tsakar gida suna taƙama.

Washegari da hantsi muka juyo, muka iso Kankara kafin la'asar. A ƙofar gida na tarar da babur da manyan kwanduna, mai sarin kaji yana zaune a zaure. Ashe mai ɗakina ba ta yarda zan dawo da abin kirki ba, ta riga ta aika a kira shi. Na ce ya ba ni minti goma. Na shiga na faɗa mata komai, ban rage ko kafso ɗaya ba, duk da na so.

Ta dubi kajin. Sannan ta ce, "Wato, Malam, tun kafin doka ta zo, kai ka riga ta ɓata mani ƙwai."

Na ce haka ne.

"Ran nan ma ka zuba masu a ruwa?"

Na ce shekaranjiya.

Ta ce in je in ba mai sari haƙuri, ko tana son sayarwa yau ba su sayuwa, kuma ta fasa. Ta shiga ɗaki ta fito da tsohon jan ɗankwali ta yayyaga. Har magariba muna bin kaji, ni ke kamawa ita ke ɗaurawa, duka talatin ɗin. Gobe kuma ta ce za ta zagaya gidajen maƙwabta kan maganar rigakafi.

Ban dawo da amsar doka ba, don har yanzu ba wanda ya san da wace fuska za ta zo, kuma mai abincin tasha ba ta ce za ta dawo ba. Abin da tafiyar ta koya mani shi ne masu dokar ba ƙarya suke ba, akwai abin gyara a kaskonmu da buhunmu. Roƙona ɗaya, su aiko mai koyarwa kafin mai kamawa. Ni da aka zaunar da ni aka yi mani bayani a kan tuwo ba nama, na daina a yini ɗaya. Da kama ni aka yi, na san halina, da yanzu ina bayan ɗaki ina fasa kafso a ɓoye.